Yusur da Ransa

Surukina carbi yake yi. Yi na ce, ban ce sayarwa ba, kuma duk wanda ya kuskura ya haɗa shi da masu shagunan da ke kewaye da Masallacin Ma'aiki, masu sauke carbin roba kwali-kwali daga mota, to ranar shayinsa ya wuce shi. Kakanninsa da ƙafa suka zo daga ƙasar Damagaram, suka sauke farali, suka yi ziyara, daga nan ƙafa ta ƙi komawa. Shi a Madina aka haife shi, a unguwar Sih ya tsufa, cikin wani ɗaki na ƙasa mai taga ɗaya tal. Duk gidan Baba muke ce masa.

Abin da ya fi ƙaunar aiki da shi shi ne yusur. Wanda bai sani ba zai ɗauka baƙin itace ne ko ƙaho. Daga ƙarƙashin Bahar Maliya yake fitowa, a da masu nutso ke ciro shi su kawo kasuwa a bushe, rassa-rassa, baƙi wuluk. Yanzu ba a bari a taɓa shi kamar da, don haka abin da ya rage wa Baba tsohuwar ajiya ce cikin wani akwatin ƙarfe da ya gada. Yakan yanka reshe gunduwa-gunduwa, ya gurza, ya huda, ya dasa masa ɗigo-ɗigon azurfa. In ya gama ƙwaya ɗaya ba ya kunna lantarki don ya duba ta. Sai ya matsa jikin tagar nan, ya ba ta kafaɗa, ya riƙe ƙwayar yadda haske zai shafo ta ta gefe guda, ɗaya gefen ya zauna cikin inuwa. Ya ce hasken da ya zo gaba da gaba ɓoye tsaga yake yi. Na sha zama ina kallonsa da kunyar suruki, bakina a rufe, ina jin daɗi a raina kamar ni na ƙera.

Ni baƙo ne a gidan. Daga Katsina na zo karatu a jami'a, karatu ya miƙe, na auri autarsa. Ban iya ruwa ba. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga kafin nan kududdufin bayan gidanmu ne, shi ma sai da na sha bulala a kansa.

Babban wan matata, wanda nake kira Yaya kamar yadda take kiransa, shi aka sa ran zai gaji sana'ar. Ya zauna gaban Baba har ya iya huda, sannan wata rana yana ɗan shekara ashirin ya bi abokai garin Yanbu da ke bakin teku, ya leƙa ƙarƙashin ruwa, shi ke nan. Ya zama mai nutso, yana duba ƙafafun gadojin da jiragen mai ke jingina a tasha, ranar hutu kuma ya koma ruwan da kyamara. Baba bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi fushi ba. Amma duk sanda baƙo ya tambayi aikin babban ɗansa, amsar ɗaya ce: “Yana wasan ruwa.” Mutum da furfurarsa, da 'ya'yansa a jami'a, a ce yana wasan ruwa. Yaya yakan yi murmushi ya sunkuyar da kai, ni da ke gefensa ina ganin yadda jijiyar wuyansa ke tashi. Abin yana yi mini ciwo, don na san irin mutumin da ake faɗa wa haka.

Akwai wata gardama tsakaninsu da ta girme aurena. Yaya ya ce ya ga yusur da ransa, tushe guda, yana rataye ƙarƙashin wani leɓen dutse mai zurfi, ya haska shi da tocila, kuma ba baƙi ba ne. Baba ya ce sai dai in wani abu ya gani. Wata Juma'a bayan mun cinye shinkafa an kawo shayi, Yaya ya miƙa masa hoto.

“Shuf, ya Abuya, ga shi nan. Wallahi jikinsa kamar lalle, ja marra, ja wur.”

Baba ya ɗora tabarau ya duba. “Ina jan? Ni shuɗi nake gani, da toka, da fararen ɗigo kamar an watsa wa kaji tsaki. Ya waladi, shekara sittin ina huda yusur, yau kai za ka faɗa mini kalarsa? Halas, ya isa, ɗauke, shayi zai huce.”

In za a bi gaskiya, abin da Baba ya lissafa shi ne a cikin hoton. A mota Yaya ya yi mini bayani. Ruwa yana cin launi, ja yake fara cinyewa, kafin ka kai inda yusur yake komai ya koma shuɗi. Dole ka tafi da haskenka. Ita kuwa 'yar fitilar da ke jikin kyamara tana dab da idon kyamarar, sai ta haska duk wata ƙura da ke yawo tsakaninka da abin da kake so, ƙurar ta maido hasken kai tsaye. Tsakin da Baba ya gani ke nan. Maganin abin fitila ce ta waje, wadda za ka nesanta da idon. Ya daɗe yana cewa zai saya, yana ɗagawa, kamar yadda mutum yake yi da abin da yake tsoron ya gwada ya kasa.

Likita ne ya kawo ƙarshen ɗagawar. Kunnen Yaya na dama ya gaji da ruwa, aka sa ranar aikin tiyata, aka ce bayan aikin babu sauran nutso mai zurfi. Sati bai zagayo ba sai ga shi ya kira ni gidansa da ke unguwar Jurf. Na tarar da fitilu biyu na walƙiya a kan tabarma, kowace kamar babban gwangwanin madara, da hannuwan ƙarfe masu gaɓoɓi.

“Ya shaikh,” in ji shi, don haka yake kirana in zai tsokane ni, “ina son mutum mai haƙurin karanta ƙananan rubutun gefen littafi. Kai na gani.”

Sati uku muka yi muna hawa saman gidansa bayan la'asar. Yana da wani tsohon tankin ruwa da ya yanke wa kai. Ya cika shi, ya rataya busasshen reshen da 'ya'yan dabino ke fitowa a jiki a tsakiya, ya ce wannan shi ne yusur ɗinmu. Sannan ya aiki matarsa ta ba shi garin gero, ya barbaɗa kaɗan ya dama, ya ce ga ƙurar bahar. Ya kulle kyamara cikin gidanta na gilashi da ƙarfe, ya ɗaura hannu ɗaya dama ɗaya hagu, ya ɗora wa kowane fitila. Daga gidan kyamarar wata siririyar igiya ke tafiya zuwa kowace fitila, ba wuta take kaiwa ba, haske take kaiwa. 'Yar fitilar ciki ta ƙifta, igiyar ta kai saƙo, manyan su amsa a take, kamar ladanin da ke ɗaga kabbarar liman don na baya su ji.

Da farko ya miƙar da fitilun gaba, suna kallon reshen sosai, ya danna. Hoton ya fito fal da gari. Sai ya ja su baya, suka koma bayan idon kyamara, ya buɗa su nesa da juna, ya karkata fuskokinsu waje kaɗan, har na ce masa ai yanzu ba reshen suke kallo ba.

“Aiwa, haka ake so. Gefen hasken kaɗai zai taɓa shi. Tsakiyar nan da ke gaban ido a bar ta da duhunta.”

Ya danna. Garin yana nan cikin tankin, ina ganinsa da idona, amma a hoton babu shi, sai reshen dabino tsaf da launinsa. Na yi ta juya abin ina salati. Ya nuna mini yadda ake rage ƙarfin haske in abu fari ne, da yadda ake matsawa kusa, kada ya wuce tsawon hannu, don ruwa yana cinye hasken fitila ma a hanyar zuwa da ta dawowa. Bai taɓa ɗaga murya ba ko da na juya fitila ta kashe mini ido.

Amma duk wannan, in ji shi, ado ne. Ran abin yana wurin wani zoben roba da ke bakin murfin batir na kowace fitila. Shi ke hana teku shiga. Na ga Yaya yana hidimar zoben nan, na ce a raina ashe hannun Baba bai ɓata ba. Zai wanke hannu, ya zare zoben da gefen tsohon kati, ya goge ramin da ƙyallen goge tabarau, ya ɗebo maiko bai kai ƙwayar gero ba, ya rufe ido, ya zagaya zoben tsakanin yatsu biyu yana sauraro da fata. Sai ya ji lafiya lau zai mayar ya murɗa murfin.

“Gashi ɗaya, ya shaikh, ko ƙwayar yashi ɗaya. A sama ba ka ganin komai, a ƙasa bahar zai same ta. In za ka yi, ka janye gemun nan naka gefe.”

Na janye gemu, na yi, na sake yi, har ya ce na iya. Abu ɗaya ne bai gargaɗe ni a kansa ba, don bai taɓa zuwa masa a rai cewa mai hankali zai aikata ba.

Saura kwana uku aikin kunne muka kama hanyar Yanbu bayan asuba. Rana ta ɗan ɗaga muka isa bakin ruwa, inda abokin nutsonsa da mai jirgi suke jiranmu. Nutso biyu kawai aka shirya, iskar da ke cikin tukwanen da suke goyawa ke nan, abin da jiki zai ɗauka ke nan. Yaya ya zuba sabon batir a fitilar dama ya rufe. Ya buɗe ta hagu ke nan aka ƙwala masa kira, a je a nuna takardar izinin fita.

“Rufe ta hagun, ka iya,” ya ce, ya tafi.

Iska tana kaɗawa. Na duba zoben, na ga ƙwayar yashi ta manne a maikon. Ƙyallen tabarau yana aljihun Yaya. A kafaɗata kuwa akwai harami. Duk gidan Bahaushe a Madina akwai tarin tsofaffin harami, an yi umara da su, an wanke, sun koma tawul. Wanda ke kafaɗata ba kowane ba ne, da shi na yi umarata ta farko, matata ta wanke shi ta turara. A iya sanina babu ƙyalle mai tsarki a doron ƙasa kamarsa. Na kama gefensa, har da bismillah, na goge zoben tas, na mayar, na murɗa. Da Yaya ya dawo ya tsoma kayan duka a bokitin ruwan daɗi, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya danna, fitilu biyu suka amsa. Na ji kaina ya yi girma.

Jirgi ya kai mu inda ruwa ya sauya daga kore zuwa shuɗi mai duhu. Suka goya tukwanensu suka faɗa ta baya, mai jirgi ya miƙa wa Yaya kyamara da hannu biyu kamar jariri. Ni na zauna ina fama da cikina, don tun da muka bar gaɓa yake neman dawo da karin kumallo.

Sun fito kafin lokacin da suka faɗa. Tun kafin ya hau na ga murfin fitilar hagu yana tsiyayar da wani ruwa mai launin tsatsa. Ya zauna ya buɗe, wari ya taso, batiran sun kumbura sun yi baƙi. Ya ce ya isa wurin yusur ɗin, ya saita, danna biyu fitilar ta mutu, abin da ya ɗauka rabi ya ƙone da haske rabi duhu. Ya zagaya yatsa a zoben a hankali, ya ɗago wani farin zare da bai kai gashin ido ba. Ya dube shi. Ya dubi kafaɗata.

Na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi babu ƙasar, ruwa ne ta ko'ina. Na ce, “Yaya, ni ne. Yashi na gani, na goge.”

“Da harami?”

“Da harami.”

Sai dariya ta ƙwace masa har ya dafe kunnen da ke ciwo. “Ma'alish, ba komai, ya shaikh. Niyyarka mai tsarki ce, bahar ne bai san niyya ba.”

Dariyar ta fi mini zagi ciwo. Nutso ɗaya ya rage masa a duk rayuwarsa zuwa wurin nan, kuma ni na raba shi da rabin haskensa. Da ya kwashe ni da mari da na fi samun sauƙi.

Dole su huta fiye da awa kafin su koma. Bai ɓata lokacin wajen jimami ba. Ya kwance matacciyar fitila ya ajiye, ya haɗa hannuwan biyu suka zama dogo guda, ya ɗora mai ran a ƙarshensa. Sai ya laluba jakarsa ya fito da wani tsohon carbin yusur, ƙwayoyinsa ba su daidaita ba, wata ta fi wata. Ya ce shi ya huda shi da hannunsa kafin ya bar gida. Ya rataye shi ƙarƙashin rumfar jirgin, ya ɗaga fitilar sama ta gefe, yana dannawa yana dubawa, yana matsar da ita kaɗan-kaɗan, ya ba carbin kafaɗa. Wani abu a tsayuwarsa ya yi mini kama da wani, amma amai bai bar ni na tuna ko wane ne ba.

Suka koma. Ban taɓa jan carbi da gaske irin na wannan zaman ba. Da ya fito bai nuna wa kowa komai ba. Ya ce alhamdulillahi, ya jiƙa kayansa a ruwan daɗi, ya daɗe zaune a bakin jirgin ƙafafunsa cikin teku. Sai can ya janye su.

Aka yi aikin kunne lafiya. Juma'ar da ta biyo baya ya zo gidan Baba da ɗauri a kai, auduga ta toshe kunnen dama, da wani babban ambulan a hammata. Sai da aka ci aka sha ya zaro hoton. Ni ma ranar na fara ganinsa.

Abin da ke bayan yusur ɗin a hoton baƙi ne ƙirin, babu ɗigo ko ɗaya. Daga leɓen dutse wani tushe ya sauko ya baje rassa sirara masu laushi kamar gashin tsuntsu. Gefen da haske ya taɓa launin lallen da aka wanke yanzu, ɗaya gefen yana komawa cikin inuwa a hankali, har kana iya ƙirga rassan ɗaya bayan ɗaya. Can wajen gindi akwai inda naman ya saɓule kamar tsawon yatsa, ƙashin ciki ya fito baƙi yana sheƙi.

Baba ya karɓa. Bai ce a kunna lantarki ba. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya je jikin taga. Ya ɗora yatsa a baƙin wurin nan.

“Wannan na san shi. Wannan nawa ne.”

Yatsan ya hau sama, ya bi jan reshe har ƙarshensa, ya dawo ya bi wani. Muka zauna ba mai motsi, shayi ya huce a gabanmu.

“Ashe riga gare shi,” in ji Baba, kamar da kansa yake magana. “Shekara sittin ina riƙe shi tsirara ban sani ba.” Sai ya juyo. “Fitila nawa ka kunna?”

Na shirya in ji sunana da na haramina.

“Ɗaya, Abuya.”

“Ta ina?”

“Ta gefe, sama kaɗan.”

“Wa ya ce ka yi haka?”

Yaya, wanda rabin maganarsa kullum Larabci ne, ya amsa da Hausa tsantsa. “Ba wanda ya ce, Baba. A jikin tagar nan na gani.”

Baba ya baro jikin tagar. Ya share kayan aikin da ke kan akwatin ƙarfen, ya jingina hoton a kai yana fuskantar ƙofa. Har yau Yaya bai faɗa wa kowa labarin zaren ba, ko matata daga bakina ta ji.

Bayan la'asar wani dattijo ya yi sallama, baƙo daga Kano, an kwatanta masa gidan yana neman carbi na gaske. Aka gaisa, aka sake ɗora shayi. Ya dubi hoton ya yaba, ya dubi Yaya da ɗaurin kansa ya yi masa sannu, sannan ya tambayi Baba ko wannan ɗansa ne, kuma me yake yi. Na ga Yaya ya fara sunkuyar da kai, murmushin nan nasa ya riga ya hau fuska.

“Babban ɗana ne,” in ji Baba. “Aikin yusur yake yi shi ma, ta can ƙasa.”

Baba yana zaune ne ta ɓangaren kunnen da aka toshe. Yaya ya ga fuskata ta sauya, ya matso ya yi ƙasa da murya. “Me ya ce, ya shaikh?”

Na buɗe baki zan faɗa masa, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya taso daga wurinsa, ya zagayo ta ɓangaren kunnen mai lafiya, ya sake faɗa da ƙarfi, har matan da ke cikin gida suka ji.